Ga 'yan'uwa mata da ke aiki a Ostireliya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, idan ana dukanki ko ana tsoratar da ke a gida, kada ki ƙone hutunki na shekara wajen zuwa kotu ko neman sabon masauki. Tun 2023 doka ta ba kowane ma'aikaci, mace ko namiji, hutun kwana 10 a shekara saboda cin zarafi na cikin gida, da cikakken albashi. Har masu aikin wucin gadi na ciki, kuma tun ranar da kika kama aiki kwanakin suna hannunki.

Na san abin da ke hana mu magana: kunya, da tsoron kada mai cin zarafin ya gani. To, doka ta hana a rubuta sunan wannan hutun a takardar albashinki, kuma dole wurin aiki su riƙe sirrinki.

Ki sanar da shugabanki da wuri, ko da bayan kin tafi ne. In ya nemi shaida, takardar 'yan sanda ko ta kotu ta wadatar. Ki ɗauki hotonta, ki tura wa wadda kika amince da ita, kar ki bari a wayar da mai cin zarafinki yake dubawa.

In sun hana ki hutun, ki kai ƙara ofishin Fair Work Ombudsman, hukumar gwamnati mai kare haƙƙin ma'aikata.