Babi na Shida: Karanta Nauyin Bakwaini a Katin Asibiti

Wannan babi na mai jegon da jaririnta yake kwalba ne, da kakar da ta zo zaman jinya, da maigidan da yake tsaye bakin ƙofa yana jiran labari. Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika sati 37, cikakken ciki kuwa kusan sati 40 ne. Sunan ya samo asali daga wata bakwai, amma ɗan wata takwas ma bakwaini ne a wurin likita. A nan Jos ana kwantar da irin waɗannan jarirai a ɗakinsu na musamman, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo da wasu manyan asibitocin gari.

Ki tanadi littafi mai layi da fensir da abin gogewa. Fensir na ce, kada ki kawo biro, domin za ki yi kuskure, kowa ma sai ya yi.

Darasi na 1: Inda lambar take

Ana auna jariri a sikeli, yawanci da safe, tsirara, kafin a ba shi nono. Abin da sikeli ya nuna shi nas take rubutawa a kati ko a fayil. Idan ba ki ga wurin ba ki tambaya: "Sista, don Allah nawa ne nauyinsa yau?" Ki bari sai ta gama abin da ke hannunta tukuna. Tambayar ba rashin kunya ba ce, ɗanki ne.

A gefen lambar za ki ga ɗayan abu biyu. Ko ki ga haruffa biyu, k da g, a manne haka: kg. Wannan kilo ne, irin wanda mahauci yake auna nama da shi. Ko kuma ki ga harafi ɗaya tilo: g. Wannan giram ne. Giram 1000 su ne kilo 1. Ledar ruwan fiya wata guda ɗaya rabin kilo ce, wato giram 500. Jaririn da yake da giram 1500 nauyinsa leda uku ke nan. Ki ɗauki leda uku a hannu ki ji.

Yanzu buɗe littafinki. Ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. A kan gidan farko rubuta RANA, a na biyu NAUYI, a na uku NONO. Sama ita ce gefen da ya yi nesa da cikinki idan littafin yana kan cinyarki.

Darasi na 2: Ɗigo da sifiri

Nan ne wurin da nake so ki zauna sosai. Shekarun da na yi ina koyarwa a ajin yaƙi da jahilci, ban ga abin da yake kayar da ɗalibai kamar wannan ɗigon ba.

Wata ɗalibata daga Unguwar Rogo ta haifi bakwaini. Na je dubiya na tarar da ita zaune a dakalin baranda, ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ga kwanon kununta ya huce ƙuda na bi. Na ce, "Ƙanwata, lafiya?" Ta miƙo min wata 'yar takarda da ta kwafi lambobi a kai. Ranar Litinin 1.45, ranar Laraba 1.5. Ta ce, "Malama, daga arba'in da biyar ya koma biyar. Yaron nan ƙarewa yake yi." Tun safe ba ta iya tatsar nono ba saboda tashin hankali. Alhali yaron ƙaruwa ya yi, har giram 50.

Ga dokar, kuma guda ɗaya ce: idan an rubuta nauyi da kilo, bayan ɗigo akwai ɗaki uku. Dole kowane ɗaki ya sami mai zama. Ɗakin da ba kowa, ki zaunar da sifiri a ciki, daga hannun dama, a ƙarshe. Idan ɗakunan sun cika uku sai ki goge ɗigon. Abin da ya rage shi ne giram.

Mu yi da na ɗalibar tawa. Rubuta 1.45. Ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo: 4, 5. Biyu ne. Saura ɗaki ɗaya, sa sifiri: 1.450. Goge ɗigo: 1450. Dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin.

Rubuta 1.5. Ƙirga bayan ɗigo: 5 kaɗai. Saura ɗaki biyu, sa sifiri biyu: 1.500. Goge ɗigo: 1500. Dubu ɗaya da ɗari biyar.

To, ki ɗauka kuɗi ne. Wa ya fi, mai naira 1450 ko mai naira 1500? Kin gani, ba ki ko tsaya tunani ba. Haka za ki riƙa yi kullum: cika ɗaki uku, goge ɗigo, karanta kamar kuɗin cefane.

Sake gwadawa. 1.2. Lamba nawa ce bayan ɗigo? Ɗaya. Sifiri nawa za ki ƙara? Biyu. 1.200, wato 1200. Madalla. Sai 1.25. Bayan ɗigo lamba biyu, sifiri ɗaya: 1.250, wato 1250. Idan kin samu daidai ki yi wa kanki murmushi. Idan ba ki samu ba, goge ki sake, abin gogewar ai don haka aka saye shi.

Yanzu ga mai wuyar. Wani lokaci za ki tarar da sifiri yana zaune tun farko, dab da ɗigo, kamar haka: 1.05. Wannan sifirin mai ɗaki ne, kada ki kore shi, kada ki matsar da shi baya. Ƙirga: 0, 5. Lamba biyu ne. Ƙara sifiri ɗaya a ƙarshe: 1.050. Goge ɗigo: 1050. Dubu ɗaya da hamsin.

Ajiye su gefe da gefe a littafinki:

1.05 shi ne 1050
1.5 shi ne 1500

Tsakaninsu giram 450 ne, kusan ledar ruwa guda. A jikin bakwaini wannan tafiyar makonni ce. Duk wadda ta tsallake sifirin nan ta ba ɗanta nauyin da bai kai ba, ta fara ɗaure kaya tana cewa an kusa sallama.

Ga wani: jiya 1.08, yau 1.1. Ido zai ce miki takwas ta fi ɗaya, yaro ya rame. Kada ki yarda da ido. Cika ɗaki uku. 1.080 da 1.100. Goge ɗigo. 1080 da 1100. Ya ƙaru da giram 20.

Idan lambar ta fara da sifiri kafin ɗigo, kamar 0.9, jaririn bai kai kilo ɗaya ba tukuna. Dokar ba ta canza ba: 0.900, goge ɗigo, ki bar sifirin farko ya tafi, saura 900.

Idan kuwa nas ta rubuta 1500 g ba ɗigo ko ɗaya, ta riga ta yi miki aikin. Kwafe shi yadda yake, kada ki ƙara komai. Na sha ganin mai ƙara sifiri biyu a nan ma, ta mayar da jinjiri mai nauyin saniya.

Haba jama'a! A ajin da ya wuce na maimaita wannan doka har muryata ta dushe, da na karɓi littattafai sai ga 1.05 an mayar da shi 1500 a wurin fiye da mutum guda. Ku ne fa idan mai tumatir a Farin Gada ya riƙe muku naira hamsin sai kun tsaya an ba ku canjinku. A kasuwa kai yana ja, a takarda sai ku ce "Malama, kaina ba ya ɗauka." Yana ɗauka, gaggawa ce take hana ku ƙirga ɗakunan. Ku ɗora yatsa a kan kowace lamba ku ƙirga da baki: ɗaya, biyu, uku. Ba wanda zai yi muku dariya, wanda ya yi ma ku ƙyale shi.

Yi waɗannan kafin ki wuce: 1.3, 1.03, 1.35, 1.7, 1.07, 2.1, 2.01. Ɗaki uku, sifiri a ƙarshe, goge ɗigo.

Darasi na 3: Hawa da sauka

A kwanakin farko bayan haihuwa kusan kowane jariri nauyinsa yakan ragu, domin ruwa ne yake fita daga jikinsa. Wanda aka haifa da 1500 kina iya ganin ya sauko 1400 a satin farko. Wannan sananne ne. Yawanci cikin sati biyu yake komawa nauyin haihuwarsa, wani bakwainin ya ɗan wuce haka, daga nan sai hawa.

Hawan a hankali ne. Abin da ake so shi ne kusan giram 15 a rana ga kowane kilo na jikinsa. Mai kilo ɗaya da rabi zai ƙara giram ashirin da ɗoriya ke nan, kusan nauyin dunƙulen Maggi biyar ko shida. Ba za ki gan shi da ido ba, shi ya sa muke rubutawa.

Kada lambar rana ɗaya ta hana ki barci. Kashi da fitsari ma suna motsa sikeli. Ki duba na kwana uku a jere. Idan kwana uku ya tsaya cak ko yana sauka bayan satin farko, ki nuna wa likita littafinki lokacin zagaye. Amma kafin ki ce ya sauka, kin cika ɗaki uku kuwa? Koma ki duba. 1.6 ya fi 1.58, domin 1600 ya fi 1580.

Darasi na 4: Sirinji da nono

Ƙaramin bakwaini bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi lokaci guda ba sai ya kai wajen sati 34. Shi ya sa ake zura masa siririyar roba ta hanci ko ta baki zuwa ciki, a ɗura nonon uwarsa da sirinji. Daga baya a koma ƙaramin kofi, sannan mama.

A jikin sirinji akwai layuka da lambobi da haruffa biyu: ml. Mililita ke nan. Riƙe sirinjin daidai idonki, ki duba layin da baƙar robar ciki ta tsaya. Lambar da nas ta ce ita za ki rubuta a gidan NONO, kada ki ƙara don tausayi. Ki wanke hannu da sabulu, ki tatsa kamar kowane awa uku, har da dare. Dakashi, nonon farko mai kauri, kada a zubar da shi, shi ne ya fi yi masa amfani. Ruwa, zuma, rubutu, duk kada a sa masa a baki, ko da uwar miji ce ta kawo. Ki karɓa da ladabi, ki ce likita ya hana, ki roƙe ta addu'a.

Darasi na 5: Ɗumin jiki

Zafin jikin da ake so tsakanin 36.5 ne da 37.5. Wannan ɗigon na ma'aunin zafi ne, dokar ɗaki uku ba ta shafe shi ba. Karanta shi yadda yake: talatin da shida da ɗigo biyar.

Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, ga kuma sanyin Jos, musamman Disamba da Janairu. Idan an ba ki izini ki ɗora shi a ƙirjinki, fata da fata, tsakanin nonuwa, da hula da safa da nafkin kawai, ki juyar da kansa gefe, ki ɗaure da zani. Ana kiransa goyon kangaru, an fara shi a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Uba ma yana iya yi. A gida kada a kunna gawayi a rufe ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Darasi na 6: Ƙirga watanninsa

Cire satin da aka haife shi daga 40. Wanda aka haifa a sati 32, saura 8, wato ya riga lokacinsa da wata biyu. Idan ya cika wata shida, ki auna zamansa da dariyarsa da na ɗan wata huɗu. Allurar rigakafi kuma ana ƙirga ta daga ranar haihuwa.

Darasi na 7: Bayan sallama

Idan ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa ya canza, ko shawara ta fito masa a ido da tafin hannu, ko ya yi jijjiga, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ki tambayi ranar da za ku dawo awo, ki rubuta ta a shafin ƙarshe. Ki zo da littafinki a aji mai zuwa in duba sifirinki.