Yadda Ake Zaɓen Manhajojin Aiki Ga Ma'aikatan Da Ke Nesa Da Juna

Idan ma'aikatan kamfani ko ƙungiya suna warwatse, ɗaya a Kano, ɗaya a Maraɗi, wani kuma a Kumasi, abin da ya kamata shugaba ya fara dubawa kafin ya zaɓi kowace manhaja shi ne halin da mai mafi raunin intanet a cikinsu yake ciki. Wanda yake aiki da ƙaramar waya mai cika da wuri, yana sayen data da kuɗin aljihunsa, wutar lantarki kuma tana ɗaukewa ba sallama, shi ne ma'auni, domin duk manhajar da ta gagare shi, a hannunsa aikin kowa zai tsaya.

Bayan haka a raba buƙatun gida uku: hirar yau da kullum, taro, da ajiyar takardu. Kusan kowa yana da WhatsApp, kuma ya dace da saƙon gaggawa, amma ba wurin ajiye takarda ba ne. Rahoton da aka tura ranar Litinin yakan nutse a ƙarƙashin gaishe-gaishe da sanarwar ɗaurin aure kafin Laraba, sai a wayi gari ana tambayar wanda yake da kwafi na ƙarshe. Slack, wata manhajar hira ta wurin aiki, ya fi tsari, tunda ana buɗe zaure dabam ga kowane aiki, sai dai a san cewa na kyauta ba ya nuna saƙonnin da suka wuce kwana 90.

Wajen taro, Zoom na kyauta yana yanke zama bayan minti 40, Google Meet kuwa yana ba da awa ɗaya idan mahalarta sun kai uku. A saba da kashe kyamara in ba dole ba, saboda bidiyo ne yake cinye data. Haka nan a riƙa rubuta lokacin taro tare da sunan ƙasa, domin Gana tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya, Sudan kuma tana gabansu da awa ɗaya.

Ajiyar takardu ita ce ta fi buƙatar natsuwa, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, amma da Gmail ake raba wannan wurin, don haka yana cika da sauri fiye da yadda ake zato. Google Docs yana ba mutum da yawa damar gyara takarda ɗaya lokaci guda, ana kuma iya saita shi ya yi aiki ko intanet ta yanke. Lallai ne a buɗe asusun da sunan ƙungiya, mutum biyu amintattu su riƙe kalmar sirri, a kuma kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida, kamar lambar da ake turowa waya, bayan kalmar sirri. Takardun da aka tara a asusun wani ma'aikaci suna tafiya da shi ranar da ya ajiye aiki.

Kafin a biya ko kwabo, a lura cewa yawancin waɗannan kamfanoni suna karɓar kuɗi ne a kan kowane mutum duk wata, galibi da dala, saboda haka a lissafa da canjin ranar, a kuma tabbatar katin bankin ƙungiya yana biyan kuɗin waje. Sannan a gwada manhajar mako biyu da aiki na gaske, a fara jin ra'ayin wancan mai ƙaramar waya kafin a yanke shawara.