Kurakuran da Ke Sa Takardar Magani Ta Fi Ƙarfin Majinyaci

A ƙananan asibitocin Garwa, Marwa da Ngaundare da ke arewacin Kamaru, yawancin marasa lafiya daga aljihunsu suke biyan kuɗin magani, saboda haka duk abin da likita ko malamin asibiti ya rubuta, daga kuɗin cefanen gida za a cire shi. Idan takarda ta fi ƙarfin mai ita, rabi yake saye, kuma sau da yawa maganin da ya fi muhimmanci shi ake bari a kanti.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jera magunguna biyar ko shida a kan ciwo guda, har da na ƙarin jini da na buɗe ciki waɗanda babu abin da ya kira su. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa matsakaicin abin da ake rubuta wa majinyaci bai kamata ya kai magani 2 ba. Gyaran shi ne a rubuta wanda ya zama dole a sama, a kuma gaya wa majinyaci da baki wanda ba zai yiwu ya bari ba.

Zazzaɓi ne inda aka fi ɓarnar kuɗi. Tun 2010 Hukumar ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, amma har yau ana haɗa wa mutum maganin zazzaɓin sauro da na taifot lokaci guda, wai don kada a yi kuskure. Gwajin Widal, wato gwajin jini na taifot da ake dogaro da shi, yakan nuna taifot ga wanda ba shi da ita, sai a ɗora masa maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki a banza. Irin wannan magani ba ya warkar da mura, kuma yawancin gudawar yara ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14 suke bukata. Abin takaici, wasu iyaye suna biyan abin da gwamnatin Kamaru ta mayar kyauta tun 2011, wato maganin zazzaɓin sauro mara tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, don kawai ba wanda ya sanar da su.

Akwai kuma rubuta sunan kamfani maimakon sunan maganin na asali. Doliprane farasitamol ne, kuma shi da wanda CENAME, cibiyar samar da magunguna ta ƙasa, ke rarraba wa asibitocin gwamnati aiki ɗaya suke yi, sai dai farashi ya bambanta.

Allura da ƙarin ruwa kuwa, mutanenmu ne da kansu ke roƙo, domin a ganinsu ƙwaya ba ta da ƙarfi. Bai dace malamin asibiti ya biye musu ba. Wanda ke iya haɗiya kuma ciwonsa bai yi tsanani ba, ƙwaya ta ishe shi, an kuma rage masa kuɗin sirinji da na gado.

Kafin a miƙa takarda, a tambayi majinyaci ko zai iya sayen abin da aka rubuta gaba ɗaya. Wanda aka sallama ba tare da wannan tambayar ba yakan nufi masu tallar magani a kasuwa, inda jabu da wanda rana ta lalata suke gauraye da na ƙwarai.