Yadda ake haɗa kundin shaidar aiki kafin istaj ya ƙare

Duk wanda ya taɓa ajiye dosiye a Tawa ya san abin da ake cusawa cikin ambulan: takardar neman aiki, CV, kofin difloma da aka buga wa hatimi a meri, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, da kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke maka hukunci) wanda bai wuce wata 3 ba. Na gabanka a layi su ya kawo, na bayanka ma haka. Mai ɗaukar aiki kuwa so yake ya ga abin da hannunka ya taɓa yi. Ga yadda nake gaya wa ƙannena su haɗa wannan shaida.

Mataki na farko, tara tun kana cikin aikin. Nan ne yawanci ake yin sakaci. Yaro zai yi wata 3 yana istaj, wato koyon aiki a wata ma'aikata, ya fita da hoton da ya ɗauka a bakin ƙofar biro kaɗai. In kana karatun noma aka tura ka gonakin albasa na Galmi, ɗauki hoton fangalin da ka kula da shi tun dashe har cira, ka rubuta ranaku. Mai haɗa sola ya ɗauki rufin kafin aiki da bayansa, da lissafin batir ɗin da ya yi. Mai kwantabilite, wato lissafin kuɗi, ya ajiye teburin Excel da ya tsara. Amma fa a nemi izinin shugaban wurin, a goge sunayen mutane da ainihin kuɗin ma'aikata. Wanda ya nuna sirrin tsohon maigidansa, sabon ba zai ba shi makulli ba.

Na biyu, karɓi takardar shaidar istaj kafin ranar sallama, da sa hannu da hatimi da kwanan wata. Ana canza wa shugabanni wurin aiki, in ka dawo bayan shekara sai ka tarar da wanda bai san fuskarka ba. Haka ma wanda ke bautar ƙasa ta sarbis sibik.

Na uku, tankaɗe. Aiki 4 ko 5 sun isa. Kowanne shafi guda: hoto, sai layi 3 da ke faɗin matsalar da aka samu, abin da kai da kanka ka yi, da yadda ta ƙare. In aikin taro ne, faɗi rabonka tsakani da Allah, don tambaya biyu ke tona asirin mai ƙari. Rahoton istaj ko memuwar (binciken kammala karatu) da ka kare a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, kar ka jibga shi duka. Taƙaita shi a shafi ɗaya.

Ƙanwata, ke da kika ce ba ki taɓa aiki ba: yaran unguwa da kika koya wa lissafi kafin BEPC, da littafin adashen da kika riƙe ba a taɓa rigima ba, duk suna shiga.

Na huɗu, yi shi kashi biyu. Na takarda a sa cikin shemis na roba saboda ƙura, kuma ainihin difloma ta zauna a gida. Na waya a mai da shi PDF guda mai ɗauke da sunanka, a ajiye kofi a Google Drive, inda ake ba da giga 15 kyauta. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin dokima, don hoto yana dusashewa a hanya.

Na biyar, ba wani malaminka ya duba Faransancin. Ka riƙe kundin ranar da za ka je ANPE, hukumar ƙasa mai kula da samar da aikin yi, da ranar ganawa. In aka ce ka yi bayanin kanka, buɗe shafin aikin da ya fi kama da wanda suke nema, ka juya shi ya fuskanci mai tambaya.