Kafin ka biya kuɗin filin harbi

'Yan Kwari masu zuwa Dubai sari, in kana sha'awar gwada harbi to fara tambaya kuɗin ya haɗa da me, don a wasu wuraren na shiga daban, hayar bindiga daban, harsashi ma daban kuma wallahi shi ne mai cin kuɗin. Zuwa ɗaya kar ka yi rajistar memba ta shekara, asara ce. Riƙe fasfo ɗinka. Abin toshe kunne da tabarau dole ne, bakin bindiga kullum gaba, yatsa nesa da kunama sai mai kula ya ba da izini. Kwanson harsashi kuma kar ka jefa a aljihu wai tsaraba, a filin jirgi zai jawo maka bala'i Alhaji.