Kurakuran da Ke Jawo wa Masu Koyon Tiyata Ciwon Wuya da Baya

Sabon likitan da ya shigo koyon tiyata yakan kula sosai da yadda aka kwantar da majiyyaci, amma ba ya tuna nasa jikin sai ranar da wuyansa ya ƙi juyawa.

Babban kuskure shi ne fara aiki ba a daidaita tsayin gado ba. Kan mutum yana da nauyin kimanin kilo 5, kuma duk lokacin da aka sunkuyar da shi gaba, nauyin da tsokar wuya ke ɗauka yana ninkuwa. Mai koyo yakan tarar an saita gadon daidai da tsayin babban likita, sai kunya ta hana shi magana, ya tsaya a karkace yana riƙe da ƙarfen buɗe rauni na sa'o'i, yana leƙe ta bayan kafaɗar wani. Wannan ba ladabi ba ne, sakaci ne. Irin wannan shirun ne ya bar ni da sagewar kafaɗa wadda har yau takan motsa, saboda haka ba na ɗaukar wuƙa sai wurin aikin ya zo kusa da gwiwar hannuna. Idan gadon ya yi maka tsawo, ka nemi matakin takawa tun kafin a fara yanka, domin ba wanda zai raina ka a kan haka. A tiyatar kyamara kuwa, wato wadda ake zura ƙaramar kyamara cikin jiki ana kallon aikin a allo, dole gadon ya ƙara sauka saboda tsawon kayan aikin, allon kuma ya kasance a gabanka daidai ido ko ƙasa kaɗan, ba a gefe ba.

Na biyu ya fi ɓata mini rai, wato danne ciwo da ibuprofen ko diclofenac a ci gaba da aiki kamar ba komai. Likitan da zai yi wa majiyyaci faɗa kan illar waɗannan magunguna ga ciki da ƙoda, shi ne ke haɗiyarsu kullum kafin ya wanke hannu. Idan ciwon ya fara gangarowa hannu, ko yatsu suna mutuwa, ko almakashi yana suɓucewa, mai yiwuwa faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ne ya danne jijiya, kuma wannan na buƙatar a duba ka, ba ka duba kanka ba.

Sauran ƙanana ne. Tabarau mai ƙara girma da ba a auna shi da fuskarka ba zai tilasta maka sunkuyo. Rigar dalma, wadda ake sawa don kariya daga hasken X-ray, mai riga da siket ta fi wadda ke rataye duka a kafaɗa. Kada ka dogara a kan ƙafa ɗaya saboda fedar da ake takawa don kunna na'urar ƙona jijiyoyin jini, ka jawo ta kusa. Ni dai nakan dakata bayan kowane minti 30 ko 40, idan matakin aikin ya ba da dama, in miƙe wuya in juya kafaɗu ba tare da na taɓa abin da zai ɓata tsabtar safar hannu ba.