Yadda ake ceto wayar da ta maƙale a tambari ba tare da an yi mata fomat ba

Yawancin yaran da na koya wa gyaran waya, da zarar an miƙo musu wayar da ta tsaya a kan tambarin Tecno ko Samsung, hannunsu fomat yake nufa. Wayar za ta iya tashi, amma hotunan biki da lambobin abokan ciniki sun tafi ke nan. A wurina fomat yana kusa da ƙarshe, kuma akwai tambayar da dole a amsa kafin a kai gare shi.

Fara da caji. Tashin waya yana jan wuta fiye da zamanta a kunne, don haka batirin da ya gaji yakan kai ta tambari ya sake ta, ta mutu, ta sake tashi, haka za ta yi ta yi. Sa ta a caja mai kyau na minti 30, kada ka taɓa ta. Ban yarda da cajar mota ko wayar caji mai arha a wannan gwajin ba. Idan kuwa bayan wayar ya ɗago, batirin ya kumbura, cire ta daga wuta nan take, canjin batir take so. Wadda ta gama sabunta manhaja kuma, tashinta na farko yakan ɗauki lokaci, ba ta minti 15 kafin ka ce ta maƙale.

Sai tilasta mata mutuwa, tunda batirin yawancin wayoyin yanzu ba a cire shi. A Samsung, danne maɓallin rage murya da na kunnawa tare na kusan daƙiƙa 10. A Tecno, Infinix da itel, danne na kunnawa kada ka saki sai fuskar ta yi baƙi. Daga iPhone 8 zuwa sama, latsa na ƙara murya ka saki, latsa na ragewa ka saki, sannan ka danne na gefe har tambarin ya dawo. Cire rigar wayar tukuna, domin na sha ganin roba mai tauri ta danne maɓalli ana ta zargin manhaja.

Zare tiren layi, fitar da memori, sake kunnawa. Memorin jabu da aka rubuta wa 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba yana iya hana waya tashi, kuma wannan gwajin ko sisi ba ya ci.

In ba ta tashi ba, gwada Safe Mode. Kunna ta, tambarin na bayyana ka danne maɓallin rage murya, kada ka saki sai ta gama tashi. Za ka ga an rubuta Safe mode a kusurwar ƙasa ta hagu. A nan wayar ba ta tayar da komai sai manhajojin da ta zo da su daga kamfani. Kada murna ta sa ka kashe ta. Kwashe hotuna da bidiyo zuwa kwamfuta ko wata waya tukuna, sannan ka goge manhajar da aka saka ta ƙarshe, musamman irin waɗanda ake turawa ta Xender. Duba ma'adanar wayar kuma. Wadda bidiyon WhatsApp ya cika maƙil takan rasa wurin rubuta ƙananan fayilolin da take buƙata wajen tashi, don haka rage mata aƙalla 2GB.

Na gaba shi ne Recovery, wato ɓoyayyen shafin gyara da ake shiga ko wayar ba ta tashi ba. Kashe wayar, danne na ƙara murya da na kunnawa tare, ka saki in tambarin ya fito. Sababbin Samsung sai an jona su da kwamfuta ta wayar USB suke shiga. In ka ga ɗan mutum-mutumin Android an rubuta No command, ba lalacewa ba ce: danne na kunnawa, ka latsa na ƙara murya sau ɗaya. A yawancin wayoyi taɓa fuska ba ya aiki a nan, da maɓallan murya ake hawa da sauka, da na kunnawa ake zaɓa. Nemi Wipe cache partition, fayilolin wucin gadi na wayar yake sharewa, ba ya goge kayanka. Ka karanta da kyau, domin Wipe data/factory reset yana maƙwabtaka da shi, kuma shi ne fomat ɗin. Wasu wayoyin ba su da layin cache ɗin sam, sai ka zaɓi Reboot system now ka gani.

To, ga inda na taɓa ƙonewa. Wata gwaggona ta kawo mini wayarta, duk abin da na lissafa a sama na yi bai ci ba, na yi mata fomat ba tare da na tambaye ta komai ba. Wayar ta tashi tsaf, sai ta ce a saka adireshin Gmail ɗin da ke kanta a da. Na ce, "Gwaggo, mene ne lambar sirrinki?" Ta ce, "Ɗan nan, ai a shagon da na saya aka buɗe mini, ni ban san da wata lamba ba." Layin da aka yi rajistar da shi ma ya ɓata tun tuni.

Wannan kulle FRP ake ce masa, Google ta shigo da shi tun Android 5.1 a 2015 don hana ɓarayi more wayar sata, kuma bai san mai waya daga ɓarawo ba sai ta lambar sirri. Saboda haka kafin ka taɓa Wipe data, ɗauki wata waya, mai wayar ya shiga Gmail ɗinsa a gabanka. Ban karɓar "ai na sani", sai na ga ya buɗe. In ya manta, a dawo da lambar ta layin da aka yi rajista da shi, sannan a jira awa 24 kafin fomat, domin Google ita ma haka ta ce a yi bayan canza lambar sirri. Tunda an shiga, duba ko lambobin waya suna cikin asusun, ko hotuna sun hau Google Photos. Ka faɗa masa gaskiya tun da wuri: wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama a kulle bayanansu suke, abin da fomat ya share babu manhajar da za ta dawo da shi, ko me aka ce maka a kasuwa.

In an tabbatar da wannan, yi fomat ɗin. In har yanzu tana kan tambari, saura filashin, wato sake ɗora wa wayar manhajarta ta kamfani daga kwamfuta: da manhajar Odin ga Samsung, da SP Flash Tool ga masu injin MediaTek. Fayil ɗin da za ka ɗora dole ya dace da lambar samfurin wayar harafi da harafi. A Odin, in ba a riga an yi fomat ba, zaɓi fayil ɗin HOME_CSC in kana son kayanka su tsira. A SP Flash Tool tsaya kan Download Only, domin Format All yana share IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta tashi babu sabis. Wadda garantinta bai ƙare ba, kada ka yi mata ko ɗaya, kai ta Carlcare, cibiyar gyaran kamfanin, in Tecno ce ko Infinix ko itel. Wadda filashin ya ƙi shigarta kuwa, galibi ma'adanar da ke kan allon injinta ce ta mutu, sai a tambayi kuɗin aikin a kwatanta da farashin wata wayar ta hannu a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano.